Wa ya zauna yana zane ana ɓarin wuta a teku?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun zane-zane a Zariya. An ba mu aiki kan tsofaffin zanen Turawa, sai na ci karo da zanen yaƙin jiragen ruwa na Ingila na wajen shekaru 300 da suka wuce: jirage sun yi sahu, hayaƙi ya turnuƙe, wani jirgin yana ci da wuta. Abu biyu suka ɗaure mini kai. An ce zanen Birtaniya ne, amma sunayen masu zanen ba su yi kama da na Ingilishi ba. Sannan a lokacin babu kyamara, to mai zanen yana wurin ne, ko a ɗaki ya zauna ya ƙago abinsa? Zan iya kafa hujja da su a matsayin shaidar tarihi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayoyin naki biyu a sarƙe suke, domin mutumin da ya kafa wannan sana'a a Ingila baƙo ne, kuma cikin masu zanen farko shi ne wanda ya saba shiga tsakiyar yaƙi da takarda a cinya. Bari mu fara da baƙuntar.

Idonki bai yaudare ki ba, sunayen na mutanen Holan ne. Ingila ta daɗe da jiragen yaƙi kafin ta samu 'ya'yanta masu iya zana su. A 1546 wani ma'aikacin ɗakin makamai mai suna Anthony Anthony ya zana wa Sarki Henry na Takwas jiragensa 58 a kan naɗaɗɗiyar fata, amma wannan lissafin kaya ne: ga jirgi, ga yawan igwarsa, ga yawan mutanensa. Da Ingila ta kori ayarin jiragen Sifaniya a 1588, nasarar da har yau suke tinƙaho da ita, kwamandansu Lord Howard ya so a adana labarin, sai ya ƙetara ruwa ya ba Hendrick Vroom na garin Haarlem aikin zanen, aka saƙa shi a garin Delft a kan manyan darduman bango guda 10. Sun daɗe rataye a majalisar dattawan Ingila har gobarar 1834 ta cinye su. Ba don wani John Pine ya kwafe su ya buga a 1739 ba, da yanzu sai labari.

Dalili kuwa, a Holan zanen teku ya riga ya zama kasuwa. Ƙasa ce da arzikinta ke kan ruwa, kamun kifi da fatauci, kuma attajiranta suna sayen zane su rataya a gida kamar yadda ake sayen kujeru. Inda akwai masu saye, nan gwanaye ke taruwa. A cikin gwanayen babu kamar wasu uba da ɗa masu suna ɗaya, Willem van de Velde Babba, wanda aka haifa wajen 1611, da Willem van de Velde Ƙarami, haifaffen 1633.

Sai 1672 ta zo, shekarar da mutanen Holan ke kira shekarar masifa. Faransa ta shigo musu ta tudu, Ingila ta taso musu ta ruwa, kasuwa ta mutu, babu mai sayen zane. Ana cikin yaƙin Sarki Charles na Biyu na Ingila ya yi shela cewa duk ɗan Holan mai sana'a da ke son ƙaura, ƙofa a buɗe take. Kafin shekara ta zagayo uba da ɗa sun tattara sun koma ƙasar da ke yaƙi da tasu. A 1674 sarki ya yanka wa kowannensu albashin fam 100 a shekara, kuma takardar ta raba musu aiki dalla-dalla: uba shi ne mai ɗauko zanen yaƙin teku, ɗa shi ne mai mayar da shi cikin launi. Aka ba su ɗakin aiki a gidan sarauniya da ke Greenwich, garin nan da muke jin sunansa kullum a rediyo ba mu sani ba, don shi ne harafin farko na agogon GMT.

To ga amsar tambayarki ta biyu, game da uban dai: yana wurin.

Tun yana Holan hukumar sojan ruwa kan ba shi ƙaramin jirgi mai filafili da matuƙi, ya bi ayari. Akwai takardar umarni ta 1666 da ta ce wa matuƙin ya kai shi gaba, ko baya, ko tsakiyar ayari, duk inda ya ga zai fi samun abin zanawa. Haka ya ga yaƙin Scheveningen a 1653, inda aka kashe babban kwamandan Holan Maarten Tromp, ya ga na Lowestoft a 1665, ya ga yaƙin kwana huɗu na 1666, duk tsakanin Holan da Ingila. Ki ƙaddara shi a zaune, jirgi yana tangaɗi, dalma tana wucewa, shi kuwa yana jan fensir a kan dogayen takardu da ya liƙa baki da baki don su ɗauki faɗin teku. Zanen da ya yi a wurin ba kyakkyawa ba ne. Layuka ne na sauri: ga jigon jirgi, ga tuta, ga dunƙulen hayaƙi. A gefe sai ya rubuta da harshensu sunan jirgi, da inda iska ta nufa, da ƙarfe nawa, wani lokaci ya sa alama a wani ɗan jirgi ya rubuta cewa wannan nasa ne. In ya dawo gida sai ya zauna wata da watanni yana yin abin da ya yi suna da shi: a shafe katako ko ƙyallen zane da farin fenti, a bar shi ya bushe sosai, sannan ya bi da alƙalami da tawada, layi bayan layi, babu launi ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zayyanar allo ya san irin haƙurin da nake nufi. A zanensa na yaƙin Scheveningen, in kika duba gaba-gaba, za ki gan shi da kansa cikin ɗan jirginsa, da hula, kai a sunkuye kan takarda. Sa hannu ne, kuma rantsuwa ce: na gani da idona.

Ɗan kuwa mai fenti ne na gaske, kuma a wurina ya fi uban nesa ba kusa ba a fannin kyau. Shi ya san yadda haske ke sauka a kan ruwan da ya kwanta, da yadda hayaƙin igwa ke fita fari ya yi toka-toka sannan ya narke cikin hazo. Amma yawancin yaƙe-yaƙen da ya zana daga takardun ubansa ya ɗauko su. Suna da rumbun zanen jirage, kowane jirgi da kamanninsa, har da wata dabara ta ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a kan zanen fensir a danna, hoton ya fito a juye, don a samu jirgi ɗaya yana fuskantar dama ko hagu gwargwadon buƙata. Gidan tarihin harkokin teku na Greenwich yana riƙe da irin waɗannan takardu nasu fiye da 1,000.

Yanzu bari in tsaya a kan yaƙi ɗaya, don a nan ne za ki ga gaskiya da gyara sun zauna a tabarma ɗaya.

Yaƙin Solebay, a gaɓar gabashin Ingila. A takardun Ingila ranar 28 ga Mayu 1672 ce, a na Holan 7 ga Yuni, kuma duk rana ɗaya ce: Ingila tana kan tsohuwar kalanda a lokacin, kwana 10 a baya. Ki riƙe wannan, don zai ruɗa ki a wasu zanen. Kwamandan Holan Michiel de Ruyter ya faɗo wa ayarin Ingila da Faransa da sassafe suna tsaye a gaɓa. Kowane ɓangare yana da jiragen yaƙi sama da 70. Ƙanin sarki, James, shi ne ke jagorantar Ingila, kuma wuta ta yi masa yawa har sau biyu yana sauya jirgi. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne ƙonewar jirgin Royal James, sabon jirgi mai igwa 100, wanda ke ɗauke da Edward Montagu, mai sarautar Sandwich. Wani jirgin Holan da bai kai shi girma ba ya maƙale masa a goshi aka daɗe ana gwabzawa, daga baya aka turo masa jirgin wuta. Jirgin wuta tsohon jirgi ne da ake cika wa kwalta da busassun itace da albarushi, 'yan mutane kaɗan su tuƙo shi har ya sarƙe da na abokan gaba, su cinna masa wuta su tsere a kwalekwale. Royal James ya ƙone ƙurmus, Montagu ya halaka, kuma da aka tsinci gawarsa a ruwa bayan kwanaki, da lambar girma da ke jikin rigarsa aka gane shi.

Van de Velde Babba yana wurin a ranar, amma a ɓangaren Holan. Da idon ɗan Holan ya zana yaƙin. Bayan 'yan watanni ga shi a Greenwich, kuma daga waɗannan takardun aka fitar da zanen fenti da darduman bango na Solebay don gidan sarautar Ingila. A 1673 ma ya sake fita teku ya zana yaƙi, wannan karon cikin jirgin da Ingila ta ba shi, yana kallon 'yan ƙasarsu daga ɗaya gefen. Yaƙin Solebay babu wanda ya ci shi a fili, kowa ya koma gida yana cewa shi ya yi nasara, amma in kika kalli abin da aka rataya a fadar Ingila, jarumtar Ingila za ki gani a tsakiya. Bai ƙara jirgin da babu ba, bai rage wanda ke nan ba. Ya dai zaɓi inda zai tsayar da mai kallo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ki kwatanta da 1667, lokacin da jiragen Holan suka kutsa cikin kogin Medway, suka ƙona jiragen Ingila a mazauninsu, suka ja babban jirgin sarki, Royal Charles, suka tafi da shi gida. Tambarin sarautar da ke ƙeyarsa yana gidan tarihi a Amsterdam har gobe. Shahararrun zanen wannan rana 'yan Holan ne suka yi wa 'yan Holan. Sarkin Ingila bai kira kowa ya zana masa ita ba. Aikin ya yi kama da na mawaƙin fada: ba ya ƙago yaƙin da ba a yi ba, don mutanen da suka je suna zaune a wurin suna jinsa, amma ranar da ubangidansa ya sha kashi ba ta shiga waƙa.

Kuma wannan batu na mutanen da suka je yana da nauyi. Masu sayen zanen nan kaftin-kaftin ne da kwamandoji, mutanen da suka san kowace igiya a jirgi. A wancan zamani ba a rubuta suna a jikin jirgin yaƙi. Da sassaƙar da ke ƙeyarsa ake gane shi, da yawan ƙofofin igwarsa, da tutarsa. Shi ya sa za ki lura yawancin jiragen an zana su ta baya ko a karkace, ƙeya tana kallonki tana ƙyalli da ruwan zinariya. Tutoci ma magana suke yi. Ayarin Ingila kashi uku ne, ja da fari da shuɗi, kuma jigon da aka ɗaura wa tuta shi ke nuna muƙamin kwamandan da ke ciki: na tsakiya ga babba, na gaba ga mataimakinsa, na baya ga na uku. Mai zanen da ya sa tuta a jigon da ba nata ba, ko ya sa hayaƙi ya nufi gabas alhali filafilai sun nuna iska yamma take kaɗawa, ya zubar da mutuncinsa a gaban masu biyansa. Don haka a kan siffar jirgi, da igiyoyi, da tutoci, ki yarda da su sosai. Masu binciken yadda ake ƙera jiragen wancan ƙarni da zanen Van de Velde suke aiki.

Inda za ki ja birki shi ne wuri da lokaci. Tun daga 1653 dokar yaƙin Ingila ta ce jirage su yi sahu ɗaya, wani bayan wani, kowanne ya juya haƙarƙarinsa ga abokan gaba, don a nan igwa take. Sahun jirgi 70 yakan kai mil da yawa. Babu idon da zai kwashe shi gaba ɗaya, balle albarushin zamanin mai hayaƙi ne ƙwarai, bayan ɓarin wuta na farko da ƙyar kaftin ke ganin jirgin da ke gabansa. Sai mai zane ya matso da jirage kusa da juna, ya ɗaga mai kallo sama kamar yana kan tsauni alhali babu tsauni a teku, ya buɗe hayaƙin daidai inda jirgin mai gidansa yake. Abin da ya faru da hantsi da wanda ya faru da la'asar sukan haɗu a zane ɗaya.

Uban ya rasu a 1693, ɗan a 1707, kuma sai bayansu ne za a ce an samu 'yan ƙasa. Na farkonsu Peter Monamy, haifaffen Landan a 1681. Yaron shago ne, ya yi shekara bakwai yana koyon fentin gidaje da allunan shaguna, sannan ya koma zanen teku yana bin sawun Van de Velde Ƙarami ƙafa da ƙafa. A zamaninsa ne zanen yaƙi ya fito daga fada ya shiga gari. A watan Nuwamba 1739 kwamanda Edward Vernon ya ƙwace tashar Porto Bello ta Sifaniya, a ƙasar Panama ta yau, da jirage shida kacal kamar yadda ya yi alkawari. Ingila ta ɗauki murna kamar ta zauce, har wata unguwa a Landan ta samo sunanta daga nan. Monamy ya zana wannan yaƙi, ya yi wa lambun shaƙatawa na Vauxhall da ke Landan zanen yaƙe-yaƙen teku, inda mai cin abincin dare zai ɗaga kai ya ga nasarar ƙasarsa. Aka riƙa sassaƙa irin waɗannan zane a farantin jan ƙarfe ana bugawa da yawa ana sayarwa da araha. Shi Monamy bai je Porto Bello ba.

Haka Samuel Scott, abokin shahararren mai zane William Hogarth, wanda aka fi sani da zanen kogin Thames. Yana da wani zane mai ban tsoro na daren da jirgin dukiyar Sifaniya, San José, ya tarwatse a yaƙi da jiragen Ingila kusa da Cartagena, a ƙasar Kolombiya ta yau, a 1708. Wuta ta haske teku, tarkace yana tashi sama, kamar mutum yana wurin. Amma lokacin da abin ya faru Scott yaro ne ɗan shekara shida ko kusa da haka, kuma sai bayan fiye da shekara 30 ya zana shi. Gawar jirgin kanta sai a 2015 aka gano ta a ƙarƙashin teku. Irin su Scott da bayanin hafsoshi suke aiki, da littafin da kowane jirgi ke rubuta abin da ya faru kullum, da taswira, da ƙananan samfurin jirage na katako, da tsofaffin takardun Van de Velde da suka saya a gwanjo. Charles Brooking, wanda a ganina ya fi su duka sanin ruwa da iska, bai yi tsawon rai ba: an haife shi a 1723, ya rasu a 1759.

Akwai wani zanen Scott da nake so ki duba da kyau, don abin da ya ɓoye ya fi abin da ya nuna. Ranar 20 ga Yuni 1743 jirgin kwamandan Ingila George Anson, mai suna Centurion, ya kama wani jirgin Sifaniya maƙare da azurfa kusa da tsibiran Filifin. Dukiyar ta kai a loda ta a kekunan doki 32 a zaga da ita titunan Landan. A zanen, jirage biyu ne suna musayar wuta cikin tsari, teku mai kyau, hayaƙi fari tas. Abin da babu shi ne wannan: Anson ya bar Ingila a 1740 da jiragen yaƙi shida da mutum kusan 1,900, mafi yawansu ba su dawo ba, kuma ba igwa ce ta kashe akasarinsu ba. Ciwo ne, musamman wanda rashin ɗanyen ganye da lemo ke kawowa, dasashi ya kumbura ya ruɓe, haƙora su zube, tsohon miki ya sake buɗewa. Babu kwamandan da zai biya a zana masa wannan ya rataya a falo.

Gaba ɗaya ma mutum ƙarami ne a wannan fanni. Jirgi shi ne gwarzo. 'Yan adam ɗigo-ɗigo ne a kan igiya, ko kawuna a ruwa suna riƙe da karyayyen jigo. Cikin jirgi, inda ake ainihin mutuwa, inda harsashin igwa ke fasa katako tsinkayensa su yi ta yanka mutane, ba ya fitowa. In kina son jin wannan sai ki koma ga waɗanda suka rubuta. Ɗaya daga cikinsu ɗan Afirka ne, Olaudah Equiano, wanda ya ce shi ɗan ƙabilar Ibo ne da aka sayar yana yaro. Yana cikin jirgin Namur a yaƙin Lagos na 1759 (Lagos ta ƙasar Fotugal, ba Legas tamu ba), aikinsa ɗauko albarushi da gudu yana kai wa masu igwa, kuma ya ba da labarin yadda ya ga abokan aikinsa suna tarwatsewa a gabansa. Yara irinsa ba sa cikin zanen. Kuma tunda mun zo nan, ki sani James ɗin da ya jagoranci Solebay, wanda yake cikin manyan iyayen gidan su Van de Velde, shi ne shugaban kamfanin sarauta na cinikin Afirka, mai safarar bayi daga gaɓar yammacin nahiyarmu. Wasu yaƙe-yaƙen da aka zana da kyau, a kan wannan ciniki aka yi su. Dominic Serres ya zana harin da Ingila ta kai tsibirin Gorée na Senegal a Disamba 1758.

Shi Serres labarinsa abin dariya ne kaɗan, don ya nuna baƙunta ba ta ƙare ba. Bafaranshe ne, matuƙin jirgin fatauci, Ingila ta kama shi ta kawo shi a matsayin fursunan yaƙi, ya zauna ya koyi fenti. Ƙarshenta yana cikin waɗanda suka kafa makarantar zane ta sarauta a 1768, ya zama mai zanen teku na Sarki George na Uku, yana zana yadda Ingila ke dukan Faransa. Jerin zanensa na kama birnin Havana na ƙasar Kyuba a 1762 ya dogara ne da zanen wani hafsa, Philip Orsbridge, wanda aka yi yaƙin da shi, ga shi kuma Serres ya san tashar tun yana fatauci.

Sai a ƙarshen ƙarnin aka sake samun mai irin halin Van de Velde Babba. Nicholas Pocock na Bristol kaftin ne kafin ya zama mai zane, tun yana tuƙi yake ƙawata littafin jirginsa da hotuna. Ranar 1 ga Yuni 1794, a babban yaƙin Ingila da Faransa a tekun Atlantika, yana cikin jirgin Pegasus, wanda aikinsa tsayawa gefen sahu yana maimaita saƙon tutoci, wato wurin da ya fi ko'ina kyawun kallo. Ya cika littafi da zane da bayani. Tsakanin fitar Van de Velde Babba ta 1673 da wannan rana, shekara 121 ke nan, kuma yawancin abin da aka zana a tsakani ji ne, ba gani ba.

Don haka in za ki kafa hujja da ɗayan zanen nan, ki fara da neman shekara biyu, ta yaƙin da ta zanen, ki ga tazararsu. Sannan ki nemi wanda ya biya, galibi jirginsa ne a tsakiya cikin haske. In kuma akwai zanen fensir da aka yi a wurin, ki fifita shi a kan na fenti komai kyawun na fentin, ki kuma haɗa da abin da ɗaya ɓangaren ya zana. A aikinki na makaranta ina ba ki shawara ki ɗauki Solebay kaɗai, ki jera takardar uba, da fentin ɗa na ƙonewar Royal James, da dardumar bango, ki nuna abin da ya sauya daga hannu zuwa hannu. Hotunansu suna shafin intanet na gidajen tarihin Greenwich.

Kada kuma ki ɗauka masu kallo na da ba su san wannan ja-in-ja ba. J. M. W. Turner, wanda aka ruwaito yana cewa wani hoton Van de Velde Ƙarami ne ya mayar da shi mai zane, ya yi wa Sarki George na Huɗu ƙaton zanen yaƙin Trafalgar, wanda Ingila ta gwabza da Faransa da Sifaniya, ya gama a 1824. Ya haɗa saƙon tutocin da kwamandan Ingila Nelson ya ɗaga kafin a fara, da jirgin Faransa da ya kama wuta da yamma, da wani da bai nutse ba sai washegari, duk a lokaci ɗaya, ya kuma cika gaban zanen da mutane suna fafutuka a ruwa. Hafsoshin ruwa suka yi masa ca, wannan ya ce igiya kaza ba haka take ba, wancan ya ce jirgin ya yi tsawo da yawa. A 1829 aka cire shi daga fada aka kai Greenwich, gidan da tsofaffin sojan ruwa ke zaune, wasunsu da su aka yi yaƙin.